Taubashi, Tamfol Ɗinka Bai Yi Laifi Ba

Taubashina, bawan gidanmu, ina gajiya? Ba zan tambaye ka ya ruwa ba, don amsar na rubuce a jikin atamfofin da Inna ta ce ka shanya a igiyar gidanka kwana uku, har maƙwabta a Zurmi suka ɗauka lefe kake haɗawa.

Ranar Alhamis ɗin nan da na same ka a kasuwar Shinkafi, ina kallonka ka faka tsohuwar Toyota Hiace ɗinka, ka zaro tamfol shuɗi, ka ɗaure bakinsa da igiya uku a jikin kariyar saman mota, ka kafa gwafa biyu a waje, ka jera turamen atamfa da shadda daidai bakin ƙofa. Ka koma kan tabarma ka harɗe kamar Sarkin Zamfaran Zurmi a zaman fada. Da hadari ya haɗo daga gabas na ce maka a gyara, ka ce, "Wanga ɗan yayyahi? Bar shi ya taho." Ya kuwa taho. Tsakiyar rumfa ko ɗigo babu, amma tsakanin mota da tamfol, inda ka bar tsaga mai faɗin tafin hannu, ruwa ya sauko kamar labule, a kan kayan da suka fi tsada. Ka miƙe tsamo-tsamo, hula na ɗiga, kana tsine wa wanda ya sayar maka da tamfol a Ƙauran Namoda.

Ka bar bawan Allah ya huta. Ruwan da ya jiƙa ka ba yoyon tamfol ba ne, rufin motarka ne ya juyo maka shi. Zo in koya maka lissafin da ka gudu ka bari a firamare. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cur. Rufin bas irin taka ya kai murabba'in mita 7 ko 8. In aka yi ruwan milimita 20, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a watan Agusta, rufin ya tara wajen lita 150. Rabi ya gangara ta can, rabi ta wajenka. Jarka uku ke nan ta lita 25 aka juye wa shaddarka, kai kuma kana tare ta da kwanon sha.

Gyaran da ka yi a mako na gaba shi ya fi ba ni dariya, gyaran gangar Auzinawa. Ka cusa tsumma da buhun siminti a cikin tsagar. Tsumma ya sha ya ƙoshi, ya shiga tsiyayar da shi a hankali, har bayan an ɗauke ruwa rana ta fito rumfarka ita kaɗai ake marka a kasuwar. Na rantse ko rufe kasuwannin mako da aka yi a jiharmu ta Zamfara a 2021 bai taɓa jarinka kamar wannan tsaga ba.

Abin ba ya son kuɗi. Kada bakin tamfol ya tsaya a gefen mota. Ka haye da shi saman rufin gaba ɗaya, ka sauke igiyoyinsa ta ɗaya gefen, ka ɗaure a ƙafafun mota, yadda rufi da rumfa za su zama shimfiɗa guda, ruwa ya rasa ƙofar shiga. In tamfol ɗin ya gaza, wanda na san zai gaza tunda ƙarami ka saya don maƙo, to ya hau rufin ko da kamu ɗaya ne, ka je wurin mai faci ya yanko maka tsohuwar robar cikin taya, ka shimfiɗa ta a kan mahaɗar, ka danne. Sannan ka duba ɗan kwararon nan da ke bin gefen rufin tsofaffin bas. Masu ƙera motar sun yi shi ne don ya kwashe ruwa ya kai shi gaba ko baya. Naka na leƙa, ya cika da ƙasar hanyar Dauran da ɓawon gyaɗa, har wata ciyawa ta tsiro. Tsinke ɗaya ya ishe shi.

Gwafanninka kuma sun fi motar tsawo, shi ya sa ruwan tamfol ma yake komowa ciki. Ka rage su, ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ruwa ya bi kusurwa guda ya zube can nesa da kaya, ba ya taru ya yi tafki a saman kanka kana zungurinsa da sanda. Motar kuma ka sa ta ta gabas, ta tare maka iska, tunda daga can hadarinmu yake tasowa. Igiyar da ta shigo cikin rumfa ka yi mata ƙulli a waje, don ruwa na bin igiya kamar tururuwa, a ƙullin zai ɗiga.

Turawan Jamus da Ingila, da suke mayar da bas ɗakin kwana suna yawon shan iska tun shekarun 1950, wannan tsagar ta dame su su ma. Su wani siririn ƙarfe mai kwari suke kafawa a gefen rufin, su zura bakin rumfar a ciki, wasu su ƙara da roba. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin labarinsu ba, amma indararon soronsa ya fi kamu biyu, don kada ruwa ya taɓa bango. Ta wajen uba na gaje shi, kai ta wajen uwa, ga shi nan kuwa bambancin ya fito.

Ladan wannan karatu turmi ɗaya ne, kuma ba cikin waɗanda suka yi zane-zanen taswira ba. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka maƙale. In ka ƙi, Alhamis mai zuwa zan zo Shinkafi da lema da kujera, in zauna daura da rumfarka in jira hadari.