Isnadin Teburin Mai Shayi

Malaman hadisi na farko, Allah Ya jiƙan su, mutane ne masu son wahalar da kansu, domin an ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda cur zuwa Sham saboda hadisi ɗaya tak da yake so ya ji daga bakin wanda ya ji shi; Imamu Buhari kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, shekara 16 ya yi yana tankaɗe da rairayar ruwayoyi wajen 600,000, bai zuba ko biyu cikin ɗari a Sahihinsa ba. Ko a nan ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sai da ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, don ya lissafa shaihunan da ya yi karatu a gabansu, da abin da ya ɗauko daga kowannensu. Da waɗannan bayin Allah sun riski zamaninmu, suka zauna a teburin mai shayi a Karshi bayan lisha, da sun ga yadda aka sawwaƙe wannan fanni har ya zama ba ya bukatar raƙumi ko guzuri.

Ɗauki misalin hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka shafe fiye da shekara goma ana sauraron ranar gama ta, alhali jama'a na fama da cunkoson Orozo da Jikwoyi da Nyanya. Bisharar cewa wata mai zuwa za a buɗe ta ta kai matsayin mutawatiri, tunda jama'a masu yawa sun ruwaito ta daga jama'a masu yawa, shekara bayan shekara. Amma idan ka bi silsilar, sai ka tarar mai shayi ya ji daga ɗan acaɓa, ɗan acaɓa daga wani fasinja, fasinjan daga surukinsa masinja, shi kuma daga wani babba a Sakatariya. A nan igiyar take tsinkewa. Wannan babba, Allah Ya ja zamaninsa, ba a san sunansa ba, ba a san ofishinsa ba, ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa, amma shi ne ya san ranar ƙarin albashi, da farashin mai na gobe, da ministan da za a sauke. Malaman rijalu, masu tantance maruwaita, majhuli za su kira shi su yar da ruwayarsa, mu kuwa a wurinmu majiya ce mai tushe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne adalcin da muke yi wajen rabon magana. In ta yi daɗi, kamar wadda mutum ya tsinta a tafsirin rediyo da asuba, to, kafin la'asar ta zama tasa, zai gyara zaman hula a wurin ɗaurin aure ya ce, kamar yadda nake faɗa muku kullum. In kuwa tasa ce ta ƙashin kansa, ya kuma san ba ta da ƙafar tsayawa, sai ya nema mata uba mai rawani: ya jingina ta ga Shehu Usmanu, ko Sardauna, ko Malam Aminu Kano, waɗanda tun da suka koma ga Mahaliccinsu ba su huta da yin sababbin jawabai ba. Wanda ya ɗan taɓa boko shi kuma likitocin Amurka yake rataya wa, yawanci a kan amfanin tafarnuwa.

Kada kuma ka kuskura ka nemi hujja, domin tambayar a wane littafi, ko a wane shafi, rashin ladabi ce babba, za a ce ka ƙaryata dattijo a gaban yara. In ka matsa, a ce maka littafin yana wurin wani ƙane a Keffi. Ran da labarin buɗe hanyar Apo ya tabbata ƙanzon kurege, ka koma wurin mai shayi neman bahasi, zai ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya ce, wallahi Alhaji ni ma ji na yi, amma ɗazu wani ya zo daga gari, ya ce wannan karon bayan Sallah ne, ba fashi.