Yadda Za Ka Ƙirga Miliyoyi da Jamusanci Numfashinka Bai Ɗauke Ba

Kafin komai, malam, ka kurɓi ruwa ka cika ƙirjinka da iska. Duk lambar da ba ta kai miliyan ba, Bajamushe a dunƙule yake rubuta ta, kalma ɗaya tal. A wurinsa 999,999 ita ce neunhundertneunundneunzigtausendneunhundertneunundneunzig, haruffa 57 reras kamar jerin gwano.

Kada gabanka ya faɗi. Ɗauke ta kamar sandar rake: ba a cusa ta baki gaba ɗaya, a gaɓa ake sara. Gaɓoɓin uku ne: tausend wato dubu, hundert wato ɗari, sai und wato "da". Fara nemo tausend ka sara a nan. Abin da ke gabanta adadin dubban ne, abin da ke bayanta kuma canji ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin 21 da 99, domin a nan yaro ke shiga gaba, dattijo na biye da shi. Mu muna cewa ashirin da ɗaya, su kuwa einundzwanzig, ɗaya da ashirin. Wanda ya zauna gaban malamin Larabci ba zai ga baƙon abu ba, don Balarabe ma haka yake jerawa. Mu ne muka aro ashirin da talatin da hamsin daga gare shi, muka bar masa tsarin jerin.

To ɗauki 347: dreihundertsiebenundvierzig. Ka faɗi uku, ka tsallake huɗu ka dira kan bakwai, sannan ka dawo ka ɗauki huɗun da ka bari, kamar ɗan acaɓan da ya wuce fasinja ya yi kwana. Saboda haka idan ana karanta maka lamba, riƙe alƙalaminka sai mai magana ya kai aya. In kuwa hannunka na ƙaiƙayi, bar gurbi, rubuta ta ƙarshen, ka koma ka cike. Gaggawa a nan tana mayar da bashin Yuro 19 ya koma 91 a takarda, ko ɗaki mai lamba 45 ya zama 54, ka je kana ƙwanƙwasa ƙofar bayin Allah. A waya kuma za ka ji an ce zwo maimakon zwei. Biyu ce dai, an sauya mata riga ne don kada kunne ya haɗa ta da drei, uku.

Kada ka ɗauka su kansu Jamusawan sun gamsu. A 2004 wani malamin lissafi a jami'ar Bochum, Lothar Gerritzen, ya kafa ƙungiya mai suna Zwanzigeins, wato "ashirin-ɗaya", tana neman a yarda a riƙa faɗin lamba yadda ake rubuta ta. Ƙasar Norway ta yi irin wannan gyara tun 1951. Ni dai ina bayansu, ko don yaran firamare da ke jin abu ɗaya a kunne suna ganin wani a allo. Amma kafin haƙarsu ta cim ma ruwa, kai dai ci gaba da kwanarka.

Da ka kai miliyan sai ka samu sararin shaƙar iska. Ita hakima ce, ba ta cuɗanya da talakawa: a ware take, da babban harafi a ka kamar rawani. Eine Million, zwei Millionen. Tarkon yana gaba kaɗan. Abin da muke kira biliyan a Najeriya, su Milliarde suke ce masa, Billion ɗinsu kuwa tiriliyan ce cur. 'Yan uwanmu na Nijar da suka saba da miliyar sun huta. Kai kuwa in kana fassara labari ka yi sakaci, sai ka ninka kasafin kuɗin ƙasa sau dubu kafin a kira la'asar. Jamusawa sun taɓa riƙe irin wannan lamba a hannu: a Nuwamban 1923, da kuɗinsu ya lalace, dalar Amurka ɗaya ta kai 4,2 Billionen Mark, wato tiriliyan huɗu da biliyan ɗari biyu.

Ka lura da waƙafin nan na 4,2? Ba kuskure ba ne. Ɗigo da waƙafi sun yi musayar aiki. In ka ga 1,50 a kanti, Yuro ɗaya ne da rabi, sayi abinka. In ka ga 1.500, dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ajiye musu kayansu a hankali ka yi sallama.

Saura shekaru. Daga 1100 zuwa 1999 da ɗari-ɗari ake ƙirga su, ba da dubu ba. Shekarar da katangar Berlin ta faɗi, 1989, ita ce neunzehnhundertneunundachtzig: ɗari sau goma sha tara, tara da tamanin. Maimaita ta sau bakwai kowace safiya kafin ka karya, amma ka rufe ƙofa tukuna, kada mutanen gida su ɗauka wani abu ne ya maƙale maka a wuya su rugo da ruwa.