Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Saba

Zuwa ga Hajiya Saba,
Ɗakin Sanyi, Layin Kwamfutoci,
Frankfurt, ƙasar Jamus.

Ranki ya daɗe, na rubuto ne a madadin kaina da sauran 'yan'uwa masu haɗa manhajar waya, mu da muke biyan kuɗin hayarki da dala duk ƙarshen wata amma ko fuskarki ba mu taɓa gani ba. An ce inda kike ba a ɗauke wuta, ga na'urar sanyi dare da rana. To, Allah ya ƙara arziki.

Ƙorafinmu guda ne, Hajiya: kin cika zurfin ciki. Abu zai yi wata guda yana damunki ba ki ce uffan ba, sai ƙarfe biyun dare ko ana tsakiyar ɗaurin aure ki yanke jiki ki faɗi. Nan da nan waya ta ɗauki ruri, mai kamfani yana ta "Injiniya, abin nan fa ya ƙi buɗewa," kamar dai injiniyan ne ya zauna a kan ƙofar.

Na san amsarki. Za ki ce kullum kina magana a cikin log, mu ne ba ma karantawa. Kina da gaskiya, sai dai wannan surutun naki da ba mai ji shi ne yake cika miki ciki. Log ya taru har faifan ajiya ya kai maƙura, rumbun bayanai ya rasa inda zai ajiye ko harafi ɗaya, komai ya tsaya cik. Saboda haka mun yanke shawara. Za mu sa logrotate ya riƙa share tsohon zance, mu riƙa leƙa cikinki da df -h, mu kuma ɗaura miki ƙararrawa ta kira mu tun kina kashi 80 cikin 100. Haka batun satifiket ɗin tsaro. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kuma a 2025 sun daina aiko da imel ɗin tuni, don haka wanda bai tabbatar certbot na sabuntawa da kansa ba, wata safiya zai tashi ya tarar burauza na gargaɗin jama'a su guji gidansa.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar kwafin ajiya, don a nan ne kike yi mana dariyar mugunta. Kin tuna abin da ya sami GitLab a ƙarshen Janairun 2017? Wani injiniyansu, dare ya yi ga gajiya, ya ba da umarnin share bayanai yana zaton yana kan saba ta biyu, ashe a kan babbar yake. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Ba komai, ai akwai kwafi. Hanyoyin ajiya har biyar suka tanada, amma da aka je ɗauka babu wadda aka samu tana aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da mutuwa, saƙonnin da ke shelar mutuwarta kuma ba sa isa akwatin kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, kuma aikin waɗannan awannin ya tafi ke nan. Manya ke nan fa, masu albashin dala. To ina ga mu? Daga yau duk wata sai mun ɗauko kwafin mun zuba shi a wata saba daban mun ga ya tashi da idonmu. Kuma ba a cikinki za mu ajiye shi ba. Kada ranki ya ɓaci, ba rashin yarda ba ne. To, rashin yarda ne, amma kaɗan.

Sai ranar Juma'a. Mun ji, mun daina ɗora miki sabon kod da yammacin Juma'a mu kama hanyar gida. Duniya ta ga 19 ga Yulin 2024, ita ma Juma'a ce, da sabuntawa guda ta kamfanin CrowdStrike ta kwantar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Na kuma san halin danginku idan aka nuna bambanci. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi wa sabobinsa bakwai sabon ɗinki ya manta da ta takwas. Wadda aka manta ta huce haushinta a kasuwar hannun jari, cikin minti 45 dala miliyan 440 suka salwanta. Don haka ɗora kod ba aikin hannu ba ne, rubutaccen tsari za a bi wanda ba ya mantuwa, kuma kafin a shiga sai an san ƙofar komawa baya.

Yanzu ga namu roƙon. Ke idan an yi kuskure a kanki, minti biyar an gyara. Manhajar da ta riga ta shiga wayar mutane kuwa ba ta kiranyuwa. Akwai bawan Allah a Funtuwa da bai sabunta tasa ba tun bara, don data tsada take, kuma yana da haƙƙi a kanki. Idan ya zo da tsohon yare ki amsa masa da tsohon yare, sabon tsari a buɗe masa ƙofa ta daban. Mu kuma a Play Store za mu riƙa sakin sabuntawa kaɗan-kaɗan, kashi 5 cikin 100 tukuna, mu ga ko an yi kuka kafin a sakar wa kowa.

Ki kuma rage yawan kaya. Mutum ya nemi sunaye ashirin, kada ki ɗoro masa dubu biyu da hotuna manya-manya. Wayar da ke hannunsa mai ram gigabait 2 ce, fuskarta a tsage, hotunan biki sun cinye ma'ajinta, sabis kuma sanda ɗaya. Android ba ya haƙurin fiye da daƙiƙa 5: manhaja ta yi shiru bayan an taɓa ta, sai ya tambayi mai waya ko a rufe ta, shi kuwa ba rufewa kaɗai zai yi ba, gogewa zai yi. A ganina duk mai haɗa manhajar da bai sayi irin wannan wayar ya yi gwaji da ita ba, kansa yake yi wa aiki. Kuma tun da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma a Maris ɗin 2024 muka gane cewa tsakaninmu da ke akwai ruwa. Dole manhaja ta iya riƙe abin da aka rubuta a cikin waya, ta miƙo miki in hanya ta buɗe.

Wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya: Malam Ɗanladi Ƙofar Mata ya yi rajista, washegari ya ga an mai da shi ?anladi ?ofar Mata. Wannan aikin latin1 ne a rumbun MySQL. A mai da shi utf8mb4 tun daga tushe, ƙugiyoyinmu su zauna lafiya, har da 'yan fuskokin dariyar da matasa ba sa iya saƙo sai da su. Agogonki ma na UTC ne, mu a Najeriya da Nijar muna gabanki da awa ɗaya, shi ya sa rahoton sha biyun dare yake isowa ƙarfe ɗaya.

Masu ƙwanƙwasa miki ƙofa ta 22 dare da rana suna gwada kalmar sirri kuwa, ki bar mu da su. Za mu rufe shiga da sunan root, mu koma mabuɗin SSH, fail2ban ya tsaya gadi. Mabuɗan sirri a wurinki za su zauna, ba a cikin manhaja ba, don fayil ɗin APK kowane yaro mai kwamfuta yana iya farke shi ya karanta.

Wannan shi ne sulhun da muka kawo. Ba sai kin wahalar da kanki da doguwar amsa ba, lambar nan 200 da kike bayarwa idan komai lafiya ta ishe mu. Amma don girman Allah ki rage aiko mana da 502.

Wassalam.

Naki mai biyan haya,
Wani injiniya daga Kano.