Yadda Ake Gano Ɓarawon Nama a Gidan Haya

A shekarar 1949 aka fito da wasan Cluedo a Ingila. Ana kashe maigida, 'yan wasa su kewaye tebur su gano wanda ya yi. Mutum shida ake zargi, makami shida, ɗaki tara, amsa 324 ke nan in an ninka. Wannan lissafin masu sarari ne. A gidan haya na Zangon Agege, inda ɗaki tara ke ɗauke da iyali tara da baƙon da ya zo daga Kano don kwana biyu tun azumin bara, dole a sake tsari.

Mu ce tsoka uku ta ɓace daga tukunyar Hajiya. Mai bincike kan fara da tambayar inda kowa yake a lokacin. Kada ya ɓata yawun bakinsa. Rabin gidan suna masallaci, saura gosulo ya riƙe su a Pen Cinema, kuma duk alƙalin da ya san Legas ba zai ƙaryata ba. Shaidar gani da ido babu, an ɗauke wuta. Sherlock Holmes da sawun takalmi yake aiki, to nan silifas ashirin ne a bakin ƙofa, kuma ba mai fita da nasa.

Saura hanyar Agatha Christie, wadda ta koyar cewa wanda ba a zato shi ne. A sallami yaron mai shayi, tunda kowa shi yake harara. A sa ido kan wanda ya fi kowa salati, yana tafa hannu yana cewa duniya ta lalace, musamman in leɓensa na ƙyalli. A littafinta na 1934, na kisan cikin jirgin ƙasa, mutum goma sha biyu ne suka haɗa hannu. Masana harkar tukunya na girmama wannan ra'ayi, sai dai tsoka uku ba ta kai ba.

Akwai kuma na 1926, na kisan Roger Ackroyd, inda mai ba da labarin da kansa ya yi aika-aikar. Wannan ba ya aiki a Agege. Ni dai a lokacin ina Pen Cinema.