Moriyar Ganga

A daren 26 ga Janairu 1907, wata budurwa da ba ta daɗe da haura shekara ashirin ba ta hau dandamalin gidan wasan Abbey da ke Dublin, babban birnin ƙasar Ailan. Sunanta na asali Mary Allgood, a gida ana kiranta Molly, a dandamali kuwa Máire O'Neill, don kada a riƙa rikita ta da yayarta Sara wadda ta riga ta shiga sana'ar. Wasan da za a nuna sabo ne fil, The Playboy of the Western World, kuma marubucinsa John Millington Synge ita ya sa a ransa lokacin da yake ƙera Pegeen Mike, 'yar mai mashayar ƙauye, yarinya mai kaifin harshe. Ana cikin kashi na uku sai wani ɗan wasa ya ambaci sunan rigar ciki ta mata. Nan fa zaure ya hargitse. Masu kallo suka ce an zubar da mutuncin matan Ailan, suka yi ta ihu suna buga ƙafa. Dararen da suka biyo baya sai da aka jera 'yan sanda a cikin zauren. 'Yan wasa na magana, bakinsu na motsi, amma hayaniya ta shanye muryarsu. Molly ba ta sauka ba. Mako guda tana tsaye cikin ruwan zagi, kuma wannan wasa da ta tsaya masa shi ne daga baya ya kai sunan Abbey har Amurka.

Yarinyar ba 'yar gata ba ce. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, aka kai ta gidan marayu, daga nan aka sa ta koyon ɗinki. Masu gidan wasan kuwa manya ne, masu ilimi da asali: mawaƙi W. B. Yeats da Lady Gregory, waɗanda suka buɗe shi a Disamba 1904. Su ke zaɓar wasa, su ke hawa mumbari su yi wa duniya bayani. 'Yan wasan farko yawancinsu ma'aikata ne da 'yan shago, da rana suna neman abinci, da dare suna haddace rubutun manya.

Synge ya ba Molly shekara goma sha biyar, ga bambancin ɗariƙa, ga na dangi, amma ya so ta, suka yi alkawarin aure. Danginsa ba su yi murna ba, abokan aikinsa ma haka. Ciwo ya ɗauke shi a Maris 1909 yana da shekara 37, aure bai yiwu ba. Ya bar wasa na ƙarshe bai kammala ba, Deirdre of the Sorrows, wanda don ita ya rubuta. Tana cikin makoki ta zauna da Yeats da Lady Gregory suka harhaɗa takardun, kuma a Janairu 1910 ita ce ta fito a matsayin Deirdre, matar da ke kuka a bakin kabarin masoyinta. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa ta labarin nakan tsaya. Wane irin ƙarfin zuciya ne zai sa mace ta ɗauki takabarta ta hau dandamali da ita, dare bayan dare, don kada aikin mamaci ya bi shi rami? Wasiƙun da Synge ya rubuta mata an adana su, har an buga su littafi a 1971. Nata da ta rubuta masa babu su.

Ita ma Sara ta yi wa gidan bauta. A 1918, tana yawon wasa a Ostareliya da New Zealand, ta rasa jaririyarta, sannan annobar mura da ta game duniya ta kashe mijinta, duk a shekara guda. Ta dawo Dublin ta ci gaba da aiki. A 1924 ta fito a matsayin Juno, uwar da ke riƙe da gidan da talauci da ragon miji suka rusa, a wasan Seán O'Casey. A lokacin bashi ya kusa durƙusar da Abbey, kuma wasannin O'Casey ne suka dawo da jama'a layin sayen tikiti. Shekarar da ta biyo baya sabuwar gwamnatin Ailan ta fara ba gidan tallafin fam 850. Gida ya miƙe. Sara kuwa daga bisani ta nufi Hollywood, ta fito a How Green Was My Valley a 1941, aka sa sunanta cikin masu takarar Oscar, ba ta samu ba. Daga nan sai ƙananan fitowa, yau mai aikatau, gobe mai gidan haya, har ta rasu a California a Satumba 1950, nesa da garinsu.

Molly ta fi yayarta shan wuya. Mijinta na fari, ɗan jarida G. H. Mair, ya rasu a 1926. Aurenta na biyu da ɗan wasa Arthur Sinclair ya mutu. Ɗanta ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya. Ta ƙare a Landan tana rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, da ɗan abin da take samu a wasannin rediyo da 'yan fitowa a finafinan Ingila, irin waɗanda in ka ƙifta ido sai ka rasa ta. Shaye-shaye ya kama ta. A 1952 wuta ta ƙone ta a gidanta, aka kai ta asibiti a Basingstoke, ta cika ranar 2 ga Nuwamba tana da shekara 66.

Na san akwai masu cewa ai ita ta ja wa kanta, da ta yi tanadi, da ta bar kwalba. Wannan magana tana da daɗin faɗa a bakin wanda ya ci moriyar ganga yana neman inda zai yar da kwaurenta. Ban wanke ta daga laifin abin da ta sha ba. Amma matar da ta binne wanda za ta aura, da miji, da ɗa, da yaya, wadda ta ba sana'a ƙuruciyarta tun sana'ar ba ta iya ciyar da kowa, ta cancanci a ƙwanƙwasa ƙofarta kafin a hau kujerar alƙalanci a kanta. A shekarun da take lissafin kuɗin haya, ana ci gaba da nuna wasan da ta sha zagi dominsa, ana tafa wa wasu. Karramawa ta zo, amma bayan ƙasa ta rufe ido: masana suka yi ta rubutu a kanta, har marubuci Joseph O'Connor ya gina littafinsa Ghost Light a kan rayuwarta a 2010.

Wadda ta fito a matsayin 'yar Sara a fim ɗin 1941, Maureen O'Hara, ita ma 'yar Dublin, ta ɗan fi su sa'a. Duk tsawon aikinta ba a taɓa sa ta takarar Oscar ba. Sai a Nuwamba 2014 aka ba ta na girmamawa, tana da shekara 94, aka turo ta a keken guragu. Ba ta cika shekara da karɓa ba ta rasu.

Labarin na Dublin ne, kuma ban kira sunan kowa a wani gari ba. Sai dai na san akwai mai karanta wannan da ke da lambar wata tsohuwa a wayarsa, wadda ta fito a matsayin uwa a finafinansa tun yana aron kyamara, wadda yake sallama da kuɗin mota da alkawarin sai kasuwa ta buɗe. Kasuwa ta buɗe, ya canza gida, ya canza mota. Ya ji an ce ƙafa ta kwantar da ita, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Hotonta yana nan a ajiye a wayar, kuma ya san ranar da zai ɗora shi da dogon rubutu yana kiranta Mama.

Ranka ya daɗe, ka san unguwar, ka san ƙofar gidan. Ka je yau, tun tana iya amsa sallama, kuma kada ka je hannu rabbana.