Ranar da ƙasa ta koma }asa

Kwamfutata ta girmi 'yata ta biyu. Tun ina digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello nake jan ta, har fankarta ta koma gurnani kamar injin markaɗe. Ana nan sai labari ya zo cewa daga 14 ga Oktoba 2025 Microsoft zai daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ta leƙo ta ce ba ta zama a tsohon gida irin nawa. Ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya ce, "Kawu, mu sa maka Ubuntu, kyauta ce. Amma tun Windows na nan ka juya kayanka, sauti ka mai da shi MP3, rubutu ka fitar da PDF ɗinsa."

Na ce, "Kai yaro, lokacin da na fara taɓa kwamfuta kana goye." Na kwashe komai a filas, na miƙa masa na'urar, na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo ya share Windows tas.

Da daddare na buɗe littafin karin magana da na shekara shida ina rubutawa. Sai na ga ƙasa ta zama }asa, ɗan ya zama ]an, ɓarawo ya zama ~arawo. Ashe harafin Rabi'at da muka saba buga Hausa da shi zanen ƙ kawai yake ɗorawa a kan wata alama. Idan babu shi a sabuwar manhaja, alamar ce ke fitowa tsirara. Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Malam, ko Larabcin aljanu ka koma?" Katin sunan ɗana da aka tsara mini da CorelDRAW a wani shago kusa da North Gate ta jami'ar shi ma ya ƙi buɗewa, amma wannan bai dame ni ba, yaron ya riga ya san sunansa.

Sautukan ne suka hana ni barci, don su ma sun ƙi buɗewa. Akwai na tsohuwar Nokia, masu wutsiyar AMR. Akwai kuma kiɗan bikina, inda maroƙi ya kwashe minti ashirin yana wasa ni, abin da ba a sake yi ba har yau. Wannan WMA ne. Kunya ta hana ni kiran ɗan yayata, don haka da sassafe na hau bas daga Samaru, muka ratsa Kwangila, na sauka PZ a Sabon Gari, rungume da kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti.

Wani mai gyaran kwamfuta ya tarbe ni da "Sannu da zuwa, Alhaji." Ni da ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba, nan take na san aikin zai yi tsada.

Rubutun bai ɗauke shi minti goma ba: ya umarci na'ura ta musanya kowace alama da harafinta. Sai a gida na gano har bakan da na rufe bayanai da su sun koma ɗ. Kan kiɗan biki kuwa ya girgiza kai. Ya ce ranar da na kwafe shi daga faifan CD, ni da hannuna na zaɓi a kulle shi, makullin kuma yana cikin Windows ɗin da aka share. "Ina faifan, Alhaji?" Na yi shiru. Faifan yana manne a bayan keken ɗana, yana ƙyalli a rana.

Saura na Nokia. Ya sa VLC, ya jona da babbar sifikar shago, ya ce in zaɓi ɗaya mu gwada. Na zaɓi wanda na raɗa wa suna "Hira mai muhimmanci 2009", na gyara zama, har na ce wa masu jiran gyaran waya su saurara, hira ce da wani dattijo masanin tarihin Zazzau. Abin da ya fito muryata ce, tangaran, daga cikin aljihu, ina roƙon mai shayi ya ƙara mini kwana uku, ina rantsuwa albashi na hanya. Mai shayin yana cewa haka na faɗa wancan watan. Wani ɗan acaba da ke tsaye a ƙofa ya ce a maimaita.

Na biya kuɗin Alhaji, ban nemi ragi ba. Ɗan yayata bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk ranar da ya zo gaisuwa yakan tambayi lafiyar kwamfuta kafin ta iyali.

Wanda duk ya halarci bikina a Hayin Dogo a 2008, in har yana da kwafin faifan nan, don Allah ya neme ni. A MP3 nake so.