Yadda Ake Zaman Makokin Gidan Tuwo

Ba kowa ya iya jimamin gidan abincin da ya rufe ba. Akwai wanda za a ce masa Hajiya mai tuwon bakin tasha ta kife tukwanenta, ya ce "Allah sarki," ya juya ya tambayi inda ake soya indomi. Irin wannan ba ya cikinmu. Mai son a riƙa matsa masa a benci idan ya iso majalisa, a ce ga wanda ya san garin nan tun yana gari, dole ya koyi makokin nan da ladubbansa.

Fara da zaɓen mamaci, kuma ka tabbata ya mutu murus. Kada ka yi gangancin ɗaukar wurin da ya tashi daga Fagge ya koma Kurna kawai, domin ba a rasa ɗan ƙwaƙwa a majalisa wanda zai tari Adaidaita ya je ya ci, ya dawo ya shaida wa jama'a cewa miyar tsululu ce, naman kuma sai an sa tabarau. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ko harsashinsa babu: gadar sama ta bi ta kansa, ko an dasa bene mai hawa uku, ko rumfar ta zama shagon cajin waya da POS. A nan ba mai ƙaryata ka. Idan kun zo wucewa ka rage tafiya, ka nuna ƙasan gadar da leɓe, ka ce, "Daidai ginshiƙin can murhunta yake." Ka yi shiru, ka bari su tambaya.

Sai farashi. Ƙa'idar ɗaya ce: ka faɗi kuɗin tuwo, kada ka faɗi albashi. Ka ce da sule biyu kana cin malmala biyu da tsoka uku, har a yi maka gyaran ƙanzo. Ba ruwan kowa da cewa sule biyun nan sai ka yi gumi a Kantin Kwari kafin ka gan su. Amma a kula da lissafi. Naira da kwabo sun shigo a Janairun 1973, sunayen sule da sisi suka ci gaba da yawo a bakin mutane shekaru bayan haka. To in an haife ka bayan SAP ɗin Babangida ta 1986, ka buɗe baki ka ce ka ci tuwon sisi, wani dattijo zai tambaye ka a wace duniyar. Kai ma'auninka Murtala ce, takardar naira 20. Ka ce da Murtala ɗaya kai da abokinka kuna ƙoshi, har a ba ku canjin zoɓo.

Yanzu ka shiga cikin kwanon, kuma kada ka yi sauri, don nan ake gane gwani. Ka fara da tuwon shinkafa 'yar gida, wanda aka tuƙa da muciya a kan itace har hayaƙi ya ratsa shi, aka kwashe da mara, ya zo gabanka yana tururi. Ka zuba masa taushe, kabewa ta narke ta haɗe da gyaɗa, ɗan tsamin yakuwa yana leƙowa daga baya, ga ƙashin da za ka yi ta buga wa a gefen kwano kana neman ɓargo. Ka ambaci man shanun da 'yar Fulani take kawowa kowace safiya, ka ambaci daddawar kalwa wadda tun daga bakin titi take yi maka sallama. Ka haɗiyi yawu a fili, ba abin kunya ba ne, santi ne ya zo a makare da shekara ashirin. Wani yaro zai ce, "To Baba, ai kabewar nan har gobe tana nan jibge a 'Yankaba, me ya canza?" Ka dube shi da tausayi ka ce, "Hannu ne, ɗana." Ba a gardama da hannu. In ya nace, ka ɗora laifin a kan gas da injin markaɗe da dunƙulen magi, ko da kuwa da idonka ka sha ganin Hajiya tana ɓare su goma-goma tana watsawa a tukunya.

Akwai abubuwan da mai makoki na kirki ba ya tunawa. Ba ya tuna ƙuda. Ba ya tuna robar wanke hannu guda ɗaya tak, wadda daga hantsi zuwa la'asar ruwanta kan zama wata miyar mai zaman kanta. Ba ya tuna ƙusar bencin da ta yaga masa wandon Sallah, ko daren da shi da buta suka kwana suna sintiri. Masifar Hajiya kuwa, wadda kan ce da ƙato mai gemu "ci ka tashi, nan ba ɗakin uwarka ba ne," wannan yanzu sunanta tsari. Ka ce mace ce da ba ta ɗaukar raini. Uwa uba, kada ka bari a gane cewa a lokacin shekarunka sha tara, ka tako a ƙasa tun daga makaranta, kuma da yunwar da ke cikinka ko tuwon dusa aka ajiye maka sai ka yi masa kirari.

Makokin ma hawa-hawa ne. Manya ba sa kukan rumfa, otal suke kuka. Na Kaduna su ce Durbar, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977 aka rushe a Janairun 2020. Na Kano su ce Daula, ko otal ɗin Bagauda da ya koma makarantar horar da lauyoyi. In za ka shiga wannan sahu, ka ce "muna zama a can," kada ka fayyace cewa a bakin ƙofa kake zama kana jiran maigidanka ya fito. 'Yan shekarun 1990 kuma suna da Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara buɗewa a Legas a 1986, ya bazu har Arewa, daga baya rassa da yawa suka rufe. Waɗannan su ne za su yi maka rantsuwa ba a ƙara yin mitfai ba tun daga nan, alhali abin da suke kewa shi ne sanyin na'ura da kuma yarinyar da suka kai ranar Sallah da kuɗin aro. Su kuma tsofaffin 'yan silima, na Plaza da Orion da Eldorado, mai tsiren bakin ƙofa suke kuka, kuma kowannensu zai ce shi kaɗai ake yi wa gyara.

To wa ya kashe gidan tuwon? Tambayar za ta zo, ka shirya mata. Sa'arka ɗaya, masu laifi na gaskiya suna da yawa. In a Kakurin Kaduna ne, ka ce masaƙu: KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, dubban ma'aikatan da ke fitowa cin tuwo da rana suka watse, tukwane suka bi su. In a Kano ne, ka lissafo masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka yi shiru. Ka kawo kullen korona na 2020, lokacin da mai tuwo ta cinye jarinta a gida ita da 'ya'yanta. Ka kawo ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ka kawo cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, buhun shinkafa ya bi ta a guje. Ka ƙara da mai fili da ya ninka haya, da 'ya'yan Hajiya da suka yi boko suka ce su ba za su gaji hayaƙi ba. Duk wannan gaskiya ne, ka faɗe shi da ƙarfi, kana dukan benci.

Abu guda ne ba a ambata, ko da wasa: littafin nan mai bangon shuɗi da ke ƙarƙashin tabarmar Hajiya. Ka san shi. Sunanka yana shafi na uku, ya zarce na huɗu, kuma daga wani wuri aka daina rubuta sunan aka koma jan layi kawai don biro ya gaji. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa duk majalisar ba mai tayar da zancen, kowa yana da shafinsa. Ni dai na lura, wanda ya fi kowa ɗaga murya a makokin nan galibi shi ne mai shafi mafi tsawo. Haka nan in wani marar ta-ido ya ce, "Yaushe rabonka da wurin kafin ya rufe?" kada ka ce tun ranar da ka sayi mota ka koma cin soyayyar shinkafa a inda ake ba da cokali mai yatsu. Ka ce, "Kai dai bari, hidima ce ta yi yawa. Ina ta cewa zan leƙa."

Gargaɗi: wannan makoki na waje ne. Kada ka kai shi gida. Mutumin da uwargida ta ajiye wa tuwo, ya kai loma ɗaya ya yi ajiyar zuciya ya ce "Allah ya jiƙan miyar Hajiya," shi ya san inda zai ci abincin gobe.

Idan abokai suka ja ka sabon wuri, ka bi su, amma da fuskar wanda aka tilasta. Ka cinye tas, ka nemi ƙarin miya, ka suɗe kwanon, sannan ka jingina ka ce, "Ba laifi. Suna ƙoƙari." In sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ka ce ai kai ba bara kake tunawa ba, bara waccan ce. Kuma ka bar wanda ya gayyato ka ya biya, don a irin waɗannan wurare an manna takarda a bango cewa ba bashi, ga na'urar POS a kan tebur tana kallonka.

Saura haɗari ɗaya. Kai ka ce wurin ya mutu, amma ba ka ce Hajiya ta mutu ba, kuma sau da yawa tana nan da ranta, tana zuwa biki da suna. Wata rana za ku yi kiciɓis a gidan ɗaurin aure, tana zaune a tsakar gida tana ba 'yan girki umarni. Ka durƙusa har ƙasa, ka gaishe ta da kyau, ka tambayi jikoki da ƙafa, ka yi ƙoƙarin miƙewa kafin ta gama gyara tabarau. In ka makara ta riƙe hannun rigarka ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne na malmala uku, a rubuta ba?" ka ce, "A'a Hajiya, yayana ne. Muna kama sosai. Ya koma Fatakwal."